Makaho Da Oba-Oba: Tsoron Da Ya Bar Mairuwa Shiru

A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina. Faskari na ciki, Ƙanƙara na ciki, Sabuwa na ciki, Funtuwa ma da ke gab da Mairuwa ba ta tsira ba. Kafin nan an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka. Hujjar ita ce a toshe bakin infoma, a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Sai a Disamba aka fara mayar da sabis. A tsawon waɗannan watanni, wanda matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare a Mairuwa ba shi da hanyar kiran mota, wanda aka shiga ƙauyensu ba shi da hanyar sanar da na gaba. Mutane sun riƙa biyan kuɗin mota su tafi wani gari don kawai su ce wa ɗan'uwa suna nan da rai.

Su kuwa 'yan daji? Sakataren gwamnatin jihar na lokacin, Mustapha Inuwa, da bakinsa ya shaida wa manema labarai cewa sun koma amfani da oba-oba. Wato wanda aka yi dokar dominsa ya samu mafita, talaka ne ya zauna shiru.

Duk da wannan darasi, ra'ayin da ya kafu a zukatanmu bai motsa ba. In ka ce a bar farar hula ya riƙe rediyon da ake magana da ita, sai a ce kana neman buɗe wa ɓarayi ƙofa, wai oba-oba ta mai kaki ce. In ka ƙara da cewa makafi ne suka fi cancanta su zauna a kan wannan rediyo, nan kam dariya za a yi. Makaho kuma? Ai shi a ba shi sanda, a ba shi buhun shinkafa da azumi, a ɗauki hoto. Ni kuwa ina ganin maganganun nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma dukkansu kasala ce ta tunani da muka yi wa rawani muka kira ta hattara da tausayi.

Abin da nake magana a kai ba sabo ba ne, ya haura shekara ɗari a duniya. Rediyon 'yan sha'awa ce, inda mutum zai yi jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai, ya kafa 'yar tasha a gida yana magana da takwarorinsa ba don kuɗi ba. Lambobin Najeriya sukan fara da 5N, na Nijar da 5U, kuma akwai ƙungiyar masu wannan harka a ƙasar nan, sai dai da wuya ka ji ɗuriyarta a karkarar Arewa. Duk wanda ya saba murɗa akwati yana neman BBC a mita 41 ya sha wucewa ta ƙofar gidansu bai sani ba, don zangonsu na mita 40 yana manne da wurin. Abin da tashar ke buƙata bai taka kara ya karya ba: na'urar, batir mai bolt 12, farantin sola, da doguwar waya da za a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu. In aka ɗaure wayar ƙasa-ƙasa, sautin yakan miƙe sama ya daki wani rufi na sararin samaniya ya zubo, ya mamaye ɗaruruwan kilomita a kewaye, dutse ko daji ba su tare shi. Daga Mairuwa za a ji ka a Katsina, a Gusau, a Kaduna, ba tare da ƙarfen sabis ko ɗaya ba. Da irin wannan rediyo aka yi ta isar da saƙo a tsibiran Andaman bayan igiyar tsunami ta 2004, da ita aka yi a Puerto Rico a 2017 lokacin da guguwar Maria ta kwantar da layukan waya. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, sun yarda a yi amfani da waɗannan tashoshi wajen isar da saƙon jama'a in bala'i ya auku.

To me ya kawo makaho? Aikin ne ya kawo shi. Sana'a ce ta kunne da harshe da riƙe abu a ka. Mai tasha yana zaune ne yana tace muryar mutum daga cikin shuu da ƙarar iska, ya haddace lambobi, ya maimaita saƙo daidai ba ƙari ba ragi. Je ka teburin mai shayi a kowane gari na kudancin Katsina ka dubi makahon da ke rungume da rediyonsa. Ba ya neman kowa ya duba masa allura. Da yatsa biyu yake murɗawa, ya wuce Larabci, ya wuce Faransanci, ya tsaya cak a kan Hausa, kuma in an gama labarai shi ake tambaya me aka ce. Rabin horon ya riga ya samu.

Turawa sun gane haka tuntuni. A Ingila akwai ƙungiyar RAIBC tun 1954, a jihar Minnesota ta Amurka akwai shirin Handiham tun 1967, duka aikinsu koya wa makafi da sauran masu naƙasa wannan fanni da sama musu kayan aiki. Su ma kamfanoni sun bi. Kenwood tana da wani ɗan allo mai suna VGS-1 da ake cusawa cikin na'urori irin su TS-590 da TS-480, sai na'urar ta fara magana. Ka taɓa maɓalli ta faɗa maka zangon da kake, ka shiga jerin saiti ta karanto maka inda ka tsaya. Icom IC-7300 tana faɗin zango da ƙarfin sautin da ke shigowa, amma yawancin saitinta a kan gilashin shafawa yake, wanda yatsa ba ya bambance komai a kai. Wannan ita ce cutar kayan zamani, kuma duk jami'in da za a tura sayayya ya kamata ya san ta: wadda ta fi ƙyalli ba ita ta fi amfani ga makaho ba, maɓallin da ake ji a hannu shi ne magana. Hatta 'yar Baofeng UV-5R mai araha, wadda ta cika kasuwanni, tana kiran lambobi da Turanci ko Sinanci in ana latsawa, ko da yake ba komai take faɗa ba, kuma zangonta gajere ne, tsakanin ƙauye da ƙauye.

Abin da ya fi burge ni shi ne OpenGD77, manhajar da 'yan sha'awa suka rubuta da kansu don ƙananan rediyoyin hannu irin Radioddity GD-77. Sun sa mata murya mai karanta kusan komai saboda makafi, kuma an yi muryar a harsuna da dama. Kalmomin da na'ura ke buƙata ƙididdigaggu ne: lambobi, haruffa, batir, zango, ƙarfi. Ɗaliban injiniya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, za su iya naɗar su da Hausa a matsayin aikin kammala karatu. Ya fi a ce kowace shekara a sake ƙera ƙararrawar ƙofa a jibge a ofishin malami.

Yanzu ga babbar hujjar masu adawa, ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba, don mutanen Ƙanƙara ba su manta daren 11 ga Disamban 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya. Ana cewa in rediyo ta yawaita, infoma zai samu. Infoma ya riga ya samu, ranka ya daɗe. Ba ya cike fom, ba ya jarrabawa, kuma ba ya jiran izinin kowa. Wanda dokar ke hanawa shi ne mai gaskiya kaɗai, kamar a hana mai gida riƙe tocila don ɓarawo ma da ita yake yawo. Dubi kuma sharuɗɗan mai lasisi. Sunansa da adireshinsa suna hannun hukuma. Dole ya riƙa faɗin lambarsa a iska. An haramta masa magana a ɓoye ko da zaurance na sirri. Duk abin da ya furta, DPO zai ji, soja zai ji, hakimi zai ji. Wace hanyar sadarwa ce ta fi wannan sauƙin sa ido? Wayar salula da muke ganin ta fi aminci, da ita ake cinikin kuɗin fansa.

Gaskiya ne ɗan bindiga ma zai ji. Saboda haka ba wurin faɗin inda jami'ai za su kwana ba ne. Wurin cewa ne a turo mota akwai mai naƙuda, gobara ta tashi, gada ta karye, an ga babura sun nufi yamma kowa ya shige. Gaskiya ne kuma mai riƙe da tashar zai iya zama abin hari. Amsar wannan ita ce a ajiye tashar a asibitin gari, ko fadar hakimi, ko kusa da ofishin 'yan sanda, ba a ɗakin mutum shi kaɗai ba. Ba dalilin fasa aikin ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ne ya kamata mu riga kowa. Tun muna yara ake karantar da mu cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, har ana bar masa riƙon Madina in an fita. Malam Aliyu Namangi na Zariya bai ga takarda ba ya tsara Imfiraji, waƙar da har gobe ake nazarinta a jami'o'i. Garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da fadawansa, tsari ne tsayayye wanda ya san kowane makaho da inda yake kwana. Al'ummar da ta yarda makaho ya haddace izu sittin, ta yaya za ta ce ba zai iya riƙe lambar kira ba? Ga doka kuma. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Kullum uzurin shi ne wai ba a san aikin da za a ba su ba. To ga aiki.

Jarrabawar lasisi ma ba matsala ba ce. Tun 2003 aka cire wajabcin iya buga saƙon Mos daga dokar duniya, kuma JAMB ta yi shekara da shekaru tana yi wa makafi jarrabawa ta musamman, har da cibiya a Kano. In JAMB ta iya, hukumar ba da lasisin rediyo ba ta da ta cewa.

Mai girma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, a Oktoban 2023 ka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, ka ba matasa babura da kayan aiki. Ƙara wannan a kai. A ɗauko ɗalibai daga makarantar makafi ta Katsina da waɗanda Sarakunan Makafi za su gabatar, maza da mata, a horar da su, a nema musu lasisi daga Abuja, a saya musu na'ura mai magana, a sa su a albashi. A fara da tasha uku, Mairuwa da Ƙanƙara da Sabuwa, da ta huɗu a Katsina mai karɓar saƙonsu dare da rana. A yi shi yanzu da sabis yake nan, kada a jira sai an sake katse shi.