Kakar Gabashin Sakkwato

A jihar Vermont ta Amurka, ƙungiyoyin masu motoci kan ratsa tsaunuka cikin Oktoba don kallon ganyaye sun rine ja kafin su zube. Mafassara kan kira lokacin kaka, alhali kakar gabashin Sakkwato dabam take. Abin kallo a nan dammunan gero ne, da shinkafar fadamar Wurno, garin da aka binne Muhammadu Bello a 1837, da gawo mai tofo sa'ad da kuka ke kaɗe ganye. Sai dai 'yan bindiga sun mai da hanyoyin Rabah da Goronyo abin fargaba, manoma da yawa sun bar gonakinsu. Ya wajaba sassan Hausa su naɗi waƙoƙin sussuka daga bakin waɗanda suka gudo Sakkwato tun ba su manta ba.