Filin Mata: Jaririn da Hannunsa Ya Saki

 Yau zancenmu a kan jaririn da akan haifa hannunsa ɗaya na lilo, tafin ya juya baya. Wasu kan ce iska ta taɓa shi. Ba haka ba ne.

Jijiyoyi 5 ne suka fito daga wuya suka gangara hannu. In ɗa ya yi girma ainun, ya wuce kilo 4, kamar yadda yakan faru ga mai ciwon sukari, kai yakan fito, kafaɗa ta maƙale. In aka finciki kan da ƙarfi, sai jijiyoyin su ji rauni ko su tsinke. Wani likita Bajamushe, Erb, ya bayyana wannan tun 1874.

Yawancin yaran nan suna warkewa in ana motsa musu hannun yadda aka koya a asibiti. Kada ki kai shi wurin maɗori, ki kai shi Babban Asibitin Gumel. In wata 3 ya cika bai lanƙwasa gwiwar hannu ba, ki roƙi a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.

Ba kowane rauni ne laifin mai karɓar haihuwa ba. Amma in da sakaci, yaro yana da hakki. Ki adana katin awo da takardar sallama. Hukumar likitoci ta ƙasa tana jin ƙara a kan likita, diyya kuwa kotu ke yankewa, kuma doka ta ƙayyade lokacin kai ƙara. Ku shawarta da maigida tun da wuri.

Sai mako mai zuwa.