Garin Gyaran Gira: Kitson Da Ke Cinye Goshin 'Ya'yanmu Mata

Akwai wata ɓarna da muke yi wa 'ya'yanmu mata, mu biya kuɗi a yi musu ita, sannan mu kira ta ado. Ina nufin kitson nan mai tsananin ja, wanda ake kamo har 'yan ƙananan gashin gaban goshi da na gefen kunne a cusa su ciki don kai ya fito sumul. Na haura shekara 20 ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Adar tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Tawa, yanzu kuma ina Allakaye cikin gundumar Buza. Duk malamar da ke tsayawa gaban aji ta san abin da zan faɗa. Yarinya za ta shigo ajin farko da gashi cunkus har gaban goshi, kafin ta kai ajin ƙarshe gashin ya ja baya da faɗin yatsa biyu. Satin da aka dawo daga hutun Salla kuwa, za ka ga yara girarsu a ɗage, ƙuraje sun jeru a bakin kitso, ko waiwaye ba sa iya yi sai sun juya da dukkan jiki. Wanda kansa ke sara, wane karatu zai shiga masa?

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa. Kan mutum na ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kowanne da 'yar saiwarsa cikin fata. Gashi na tsiro kimanin santimita 1 a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Irin gashinmu mai murɗiya yana da rauni a kowace lanƙwasa, maiƙon fatar kai kuma ba ya gangarawa har ƙarshensa da sauƙi, shi ya sa yake saurin bushewa, balle lokacin hunturu. Na gaban goshi ya fi kowanne siranta, ga shi nan ne kitso ke farawa, nan ne duk nauyin ja yake sauka. Idan aka ja shi, fata ta kumbura, ƙuraje su fito, silin ya tuge. Da farko idan aka sassauta yakan dawo. Idan aka shekara ana maimaitawa, saiwar ta mutu, tabo ya rufe gurbinta. Daga nan babu man da zai tsiro da shi, ko na Dubai ne, ko garin chebe na Cadi.

Likitoci sun san wannan sanƙon tun 1907, lokacin da aka bayyana shi a kan matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau. A 2007 wata likitar fata, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun duba kawunan 'yan makaranta da manya a unguwar Langa ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Sun tarar kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta suna da shi, a manyan mata kuwa ya kusa kashi 32. A shekarar farko ta makaranta bai kai kashi 9 ba, a ajin ƙarshe na sakandare ya haura kashi 21. Ma'ana kowace shekara ta kitso tana ƙara nata. Sun kuma gano cewa abin ya fi muni idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa.

Man miƙarwar nan, wanda wasu ke ce wa rilaksa wasu defirizan, ya cika kasuwannin Buza da Madawa da Ƙonni, har da mai hoton yarinya tana murmushi a jikin kwali. Da yawansa soda ce ginshiƙinsa, irin wadda mata ke dafa sabulu da ita. Wanda aka rubuta babu soda shi ma ɗan'uwanta ne a ciki. Aikinsa karya ƙarfin silin gashi don ya kwanta. Ina ake fara shafa shi? Gaban goshi, domin nan ake gani, don haka nan ne ya fi daɗewa. Yarinya na kuka tana cewa zafi, ana ce mata ta daure ya kama. Bayan kwana biyu a kai ta wajen makitsiya a ɗora mata mesh har gadon baya. Gashin da aka riga aka raunana, shi aka ba dakon kaya.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a taron iyayen yara. Na farko, kuɗi da lokaci. Matar da mijinta ke bida a Abijan ko Libiya, ita ce ɗibar ruwa, ita ce daka, ita ce gona, ba ta da halin kai yara uku kitso kowane sati, dole ta ce wa makitsiya ta ja ya daɗe. Wannan uzuri na yarda da rabinsa. Amma abin da ke sa kitso ya daɗe shi ne ɗaure kai da dare da shafa mai a tsaga. Ƙananan gashin goshi ko an ja su, cikin kwana uku sun zame ko sun tuge. Dala 100 da aka tsimi yau, ita ce jikkunan da budurwa za ta zuba gobe wajen masu tallar maganin sanƙo.

Na biyu, a ce gado ne, ko jego, ko sammu. Zubar gashin jego gaskiya ce, takan zo wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma takan wuce da kanta idan ba a bi ta da kitson suna mai ja ba. Amma yarinya 'yar shekara 9 wane jego take yi? Gadon da nake gani shi ne uwa da 'ya makitsiyarsu ɗaya. Sammun kuma a yatsun mutum yake.

Na uku, a ce ina yaƙi da al'ada. Kitso namu ne, kuma kitso mai sassauci yana kare gashi daga ƙura da karyewa. Doka da zane da shuku duk ana iya yin su ba tare da an ɗage wa yarinya gira ba. Abin da nake yaƙi da shi sabon yayi ne na hotunan waya, inda ake so goshi ya kwanta kamar an lashe shi, a dinga kankare shi da buroshi da jel kowace safiya. Malaman da ke korar yarinya gida don 'yan gashi sun tashi a goshinta su ma da hannunsu a ciki. Tsabta ita ce kai wankakke marar ƙwarƙwata.

To yaya za a yi da gashin da ke tashi? Da farko a san ko su wane ne. Wasu sababbin tsiro ne, wasu guntayen da suka karye, wasu kuma haka Allah ya yi su gajeru. A ce wa makitsiya ta bar su waje, ta fara kitso bayansu. Da safe a jiƙa hannu da ruwa, a lakato ɗan man kaɗe, a shafa su da tafin hannu, a ɗaura ɗankwali mai santsi na minti 10, za su kwanta. A wanke kai da karkashi, wanda muke ce wa yoɗo, a warware gashi yana da danshi, da yatsu tukuna, daga ƙarshe zuwa tushe, sannan mataji mai manyan haƙora. A daina ɗaure wa yara gashi da robar kuɗi. A riƙa sauya salon kitso da wurin tsaga, a bar kai ya huta 'yan kwanaki bayan tsifa. Hular cikin hijabi da ƙullin ɗankwali kada su zauna daidai kan layin gashi suna gurza shi. Kada man miƙarwa ya taɓa kan ƙaramar yarinya. Ma'aunin kuma ɗaya ne: idan da zafi, a kwance a sake, nan take. Idan kuwa gashin zobe-zobe yake zubewa a tsakar kai da amosani, wannan wata cuta ce ta fata mai yaɗuwa, a tafi likita.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin darajar abin da ke tsaye a gefe. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska. Daga 1984 aikin raya karkara na Keita ya tashi, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da faƙo ya koma gona. Faƙon ƙasa yana farfaɗowa da gumi. Faƙon goshi ba ya yi, sai dai dashen gashi a manyan asibitoci da kuɗin da babu mai shi a ƙauyukanmu.

Ke uwa, ki zauna kusa idan ana yi wa 'yarki kitso, in ta ce zafi ki yarda da ita. Ke makitsiya, hannunki ne abincinki, kan da ya yi sanƙo ba zai dawo miki ba. Kai uba, idan ka aiko kuɗin Salla ka tambayi me aka sa wa yarinyar a ka. Ku kuma 'yan'uwana malamai, ku sa wannan magana cikin darasin tsabta, ku faɗe ta a taron iyaye. Yarinyar da ke zaune tsakanin ƙafafun makitsiya ba ta da bakin cewa a'a, mu ne bakinta. Allah ya sa mu gyara.