Daga Gyara Zuwa Katin Rangwame

Tun kafin zuwan kanti Bahaushe ya san dabarar riƙe abokin ciniki. Mai awo a Dawanau yakan yi wa wanda ya saba da shi gyara, mai tebur yakan ɗaga wa maƙwabci ƙafa har ƙarshen wata, attajiri kuwa ba ya mance goron Sallah. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa ma sun bi sawu, inda sukan yi wa dila mai yawan ɗaukar kaya ragi. A duk waɗannan, kuɗinsa kaɗai mai saye ke bayarwa.

To, amma wani sabon salo ya shigo. Mutumin Hotoro zai shiga babban kanti, a nemi sunansa da lambar wayarsa da ranar haihuwarsa, a buɗe masa kati, duk sayayyar da ya yi a tara masa maki. Shi a ganinsa gyara ce. Alhali kuwa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kwamfutar kantin tana rubuta abin da gidansa ke ci, da maganin da yake sha, da ranar da kuɗi ke shigo masa. Ashe ciniki ne na biyu aka ƙulla, an sayi sirrinsa da ɗan rangwame, ba a kuwa gaya masa farashi ba. Cinikin da ɗaya ya san haja, ɗaya bai sani ba, ai da wuya a kira shi adalci.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon janye yardarsa da hana a dame shi da talla, ta kuma wajabta wa kamfani sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Dokar kare masu saye ta 2018 kuwa ta ce a yi wa mai saye bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Sai dai ina amfanin yardar da aka karɓa a takardar Turanci mai ƙananan haruffa, daga hannun wanda Hausa kaɗai yake ji?

Ga kuma batun tsaro. A 2013 ɓarayin intanet sun kutsa wa kantunan Target na Amurka, suka kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40. Idan haka ta faɗa wa wannan ƙato, ina ga kantin da yaro ɗaya ke riƙe da kwamfutarsa? Wanda ya sami sunan mutum da lambarsa da kantin da yake zuwa, cikin sauƙi zai bugo masa waya ya ce ya ci gasa, ya nemi lambar asusunsa.

Ba a ce a soke rangwame ba, domin talaka na buƙatarsa. Abin da ya kamata shi ne kanti ya taƙaita ga bayanin da ya zama dole, kada ya miƙa shi ga wani sai da izini, ya kuma rubuta sharuɗɗansa da Hausa, boko da ajami. A nan ne aiki ya faɗo kan wannan Sashe, domin malamai da ɗalibansa su ne suka fi cancanta su fassara dokokin nan, su ƙirƙiro kalmomin da mai saye zai gane kafin ya sa hannu.