Lissafin Iska Ba Don Jarrabawa Kaɗai Ba Ne

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana cewa wai lissafin iska da muke yi a darasin kimiyya ba shi da wani amfani sai cin jarrabawar WAEC. Ni dai ban yarda ba.

A shekarar 1662 wani masani mai suna Robert Boyle ya nuna cewa in zafi bai sauya ba, aka ninka matsin da ke kan iska, to wurin da ta cika zai koma rabi. Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ai ya ji wannan doka a hannunsa. Daga baya, wajen 1787, wani Bafaranshe, Jacques Charles, ya gano cewa in matsi bai sauya ba, iska tana buɗewa gwargwadon ƙaruwar zafi.

To, a nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa, domin sai an ƙara 273 a kan digirin da ma'auni ya nuna kafin a fara lissafi. Ga misali: balan-balan ɗin Sallah mai ɗauke da iska lita 2, da safe zafi digiri 27, watau 300. Da azahar ya kai 42, watau 315. A ninka 2 da 315, a raba da 300, sai a sami lita 2.1. Wanda ya manta 273 kuwa zai sami lita 3.1, abin da ko ƙaramin yaro ya san ƙarya ne.

Yanzu mu dubi tayar babur. Ita ba ta da wurin buɗewa sosai, saboda haka matsi ne ke hauhawa. Mai faci ya bugo iska da sanyin asuba, digiri 15, a nan Gurbin Bore. Kafin a isa Zurmi ko Ƙauran Namoda, ga rana ga lodi, taya ta kai digiri 50. Watau daga 288 zuwa 323, ƙarin matsi kusan kashi 12 cikin 100. In taya ta tsufa, kuma tun farko an cika mata iska fiye da kima, wannan ƙari na iya fasa ta, alhali ga mutum uku a bisa.

Shawarata ga malamanmu, ko babu kayan gwaji, a shigo mana da famfon keke da balan-balan da ruwan zafi cikin aji. Iyaye kuma, in ɗanku ya ce a rage wa tayar baba iska kaɗan, don Allah a saurare shi, ba rashin kunya ba ce.