Karatun zuciya bai cika ba sai Baba ya gane

Shekara biyu ke nan ina haddar zuciya a jami'a: ɗakuna huɗu, bugu kusan 100,000 a rana, jini wajen lita 5 yana zagaya jiki. Har na san Ibn al-Nafis ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu tun ƙarni na 13, kafin William Harvey ya zo da nasa bayanin a 1628.

Amma ranar da Baba ya ajiye maganin hawan jini a gidanmu na Dagenham, wai ai garau yake jin jikinsa, wallahi bakina mutuwa ya yi. Turancin jarrabawa ya ƙi komawa Hausa.

Daga baya na ce masa: "Baba, zuciya famfo ce, jijiyoyi kuma tiyo. Gishiri yana riƙe ruwa, matsi ya ƙaru, tiyo ya yi tauri, ba ciwo ba alama. Rana ɗaya sai ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye." Ya yi shiru, ya ce in miƙo masa maganin.

To jama'a, mu baƙar fata a Ingila mun fi Turawa kamuwa da hawan jini. NHS ta ce kada gishiri ya wuce giram 6 a rana, ga mu da dunƙule a kowace miya. A ganina, duk wanda ya karanta wannan fanni amma ya kasa yi wa iyayensa bayani da Hausa, da sauransa. Mu raka su kemis a auna. In awo ya kai 140/90, sai ganin likita.