Sola a Kan Rufi, Gawayi a Murhu

Unguwar Hotoro, inda daffon mai na NNPC yake a kan hanyar Maiduguri, ta bunƙasa ainun. Filayen da a da gonaki ne sun zama gidaje da shaguna da makarantu. Sai dai wutar lantarki ba ta bi sawun wannan bunƙasa ba, don haka janareta ya cike gurbin da hayaƙinsa da ƙararsa.

Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu hali da dama suka koma ga farantan sola. A farkon shekarar ma an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Wannan abin yabo ne, amma alherinsa bai isa madafa ba. Magidancin da kananzir da iskar gas suka fi ƙarfin aljihunsa gawayi yake saye, gawayin nan kuwa bishiyoyi ne da aka sare aka ƙona, alhali hamada tana matsowa daga arewa. Ya kamata hukuma ta kai tallafinta ga murhu mai tsimin itace da tukunyar gas mai rahusa, domin a madafa ne daji yake ƙarewa.